Bibiyar damuwa a unguwa: wa za a tambaya, me za a rubuta, ina za a kai mutum?

Sakataren kwamiti, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. An kawo wata shawara a zaman kwamitin raya unguwarmu a nan Zariya, kuma kafin a zartar muna son jin ta bakin masana da ke wannan zaure. Ana so a buɗe littafin bibiyar damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake da na rigakafi da na awon ciki. Tsarin da aka kawo shi ne matasa su bi gida-gida, su tambayi maigida ko akwai mai ciwon damuwa ko taɓin hankali a gidansa, a rubuta suna, duk ƙarshen wata a kai wa mai unguwa. Ina gyara?

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Gayan:
Wa'alaikumus salam. Malam Sakatare, niyyar tana da kyau, amma in aka bi tsarin nan a haka, littafin zai dawo fari fat, ko ya dawo da fitina. Babu maigidan da zai dubi ɗan maƙwabcinsa ya ce masa "e, 'yata tana da matsala," alhali ga manema suna zuwa ƙofar gida. Wanda zai shiga littafin shi ne wanda kowa ya riga ya sani, mai yawo a titi. Amma matar da ta yi wata biyu barci ya ƙaurace mata, da magidancin da ya daina fitowa majalisa, da ɗalibar da abinci ya fita ranta, duk ba za a gan su ba, su ne kuma suka fi yawa. Ba a tambayar wani a kan wani, mai jikin ake tambaya. Suna kuma ba ya zuwa gaban mai unguwa. Adadi ne ke zuwa.

Likita, Shika:
Sista ta faɗi gaskiya. Ni kuma zan ja ku baya kaɗan. Kafin a buga takarda ko ɗaya, a amsa wannan: in aka tambayi mutum ya ce yana tunanin mutuwa ta fi masa, wa za a kira a wannan sa'ar, da wace waya, kuma wa zai biya kuɗin mota? In babu amsa, kada a fara. Buɗe wa mutum ciwo a tafi a bar shi ya fi rashin tambayar illa.

Hanyar tana da hawa uku. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa shi ne farko, da sharaɗin akwai ma'aikaci aƙalla ɗaya da ya samu horon mhGAP, wato jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ta sabunta a 2016 domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba ne. Sai babban asibiti, irin na Gambo Sawaba. Sai sashen masu lura da ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kwamiti ya taka da ƙafarsa ya tambayo ranar da ake ganin irin waɗannan marasa lafiya, da kuɗin kati, da wanda zai karɓi takardar turawa. A rubuta, a ba kowane mai tambaya kwafi ya sa a aljihu.

Sakataren kwamiti, Tudun Wada:
Na gane, Likita. To su tambayoyin fa? Mu zauna mu tsara namu ne?

Likita, Shika:
A'a, ranka ya daɗe. Akwai waɗanda aka riga aka gwada, kuma kyauta ne. Wadda na fi so ita ce PHQ-9. Tambaya tara ce, duk a kan mako biyun da suka wuce: rashin sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa, ƙuncin rai ko yanke ƙauna, barci, kasala, cin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, rashin tattara hankali, nauyin jiki ko rashin zama wuri ɗaya, sai ta tara, tunanin mutuwa ko cutar da kai. Kowace tambaya zaɓinta huɗu ne, wato babu, wasu 'yan kwanaki, fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum, makinsu daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 5 alamu ne marasa tsanani, daga 10 matsakaita, daga 15 sun yi nauyi, daga 20 sun tsananta. In lokaci ya yi ƙaranci a yi biyun farko kawai, wanda ya kai 3 a cikin 6 sai a ƙarasa masa sauran. Ta fargaba kuma GAD-7 ce, tambaya bakwai, jimla 21, ita ma daga 10 ake ɗaga kai a duba.

Malamin ƙididdiga, Samaru:
Likita, a nan zan saɓa maka da girmamawa. Matsalar PHQ-9 a unguwa ita ce zaɓin nan huɗu. Ka ce wa dattijuwa ta bambance "wasu 'yan kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin," za ta ce maka "to, Alhamdulillahi dai," mai tambaya kuma ya cike da son ransa. SRQ-20 ta fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara ta saboda ƙasashe irin namu, tambaya ashirin, e ko a'a, a kan kwana talatin. Kuma da jiki take farawa: ciwon kai, rashin cin abinci, rashin barci, saurin firgita, rawar hannu. Haka mutanenmu suke kawo ƙorafi. Ba a cewa "ina da ciwon damuwa." Cewa ake "kaina yana zafi," "gabana yana faɗuwa," "wani abu yana min yawo a jiki," "tunani ya yi min yawa."

Likita, Shika:
Gaskiya ne, Malam, amma e ko a'a ba ta nuna sauƙi kaɗan-kaɗan. Wadda ba ta barci kwana goma sha huɗu ta koma kwana huɗu, duk "e" ce a SRQ-20. Tunda bibiya ake so, ana bukatar ma'aunin da ke motsi. Sannan iyakar makin SRQ-20 ba ɗaya ba ce ko'ina, wurare da dama suna yankewa tsakanin 7 da 8, amma sai an gwada a cikin mutanen da za a yi aikin da su.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Gayan:
Akwai dabarar da ke raba wannan gardamar. A ɗebi ƙwayar wake goma sha huɗu a zuba a faifai. A ce wa mutum, "Baba, kowane wake kwana ɗaya ne, daga Juma'ar da ta wuce waccan zuwa yau. Ware min kwanakin da barci ya ƙi zuwa." Sai ka ga ta sa yatsa tana jan waken gefe ɗaya-ɗaya, tana tuna ranar sunan gidan wane, ranar da aka yi ruwa da dare. Ba ta bukatar karatu, kuma idonta yana kan faifai ba kan fuskar mai tambaya ba, wannan kaɗai yana rage kunya. Lissafin kuwa: babu ko ɗaya zuwa wake ɗaya maki 0, biyu zuwa shida maki 1, bakwai zuwa goma sha ɗaya maki 2, goma sha biyu zuwa goma sha huɗu maki 3. A mayar da waken tsakiya kafin tambaya ta gaba, in ba haka ba amsar baya tana jan ta gaba.

Malamin ƙididdiga, Samaru:
To wannan na yarda da shi. Da wake, PHQ-9 za ta yi.

Amma a kula da Hausar takardar. Kada kowane mai tambaya ya riƙa juya Turancin a kansa yana tsaye a zaure. A nemi fassarar Hausa da aka riga aka gwada a wurin masu sashen ƙwaƙwalwa. In dole sai an gyara, mutum biyu su fassara daban-daban, na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. Daga nan a karanta wa mutum goma zuwa goma sha biyar, maza da mata, a tambayi kowa "me ka fahimta da wannan?" Kalmar "damuwa" kanta tana da faɗi. Wanda kuɗin taki ya gagara yana cikin damuwa, wadda ɗanta yake zazzaɓi tana cikin damuwa, kuma ba ciwo ba ne. Abin da ke mayar da ita ciwo shi ne daɗewa, kusan kullum har mako biyu ko fiye, da hana mutum sana'arsa da hidimar gidansa.

Malamin Islamiyya, Limancin Kona:
Allah ya saka da alheri. Ina da gyara biyu. Na farko, tambayar da ke cewa ko mutum ya yanke ƙauna. Musulmi ya san an hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, don haka ko zuciyarsa ta cika fal zai ce a'a, yana tsoron kada amsar ta taɓa imaninsa. A tambaye shi ta wata fuska: "kana jin kamar al'amura ba za su gyaru ba?" Na biyu, tambaya ta tara. Wasu iyaye za su ce ana cusa wa yara tunanin kashe kai. Ni kaina ina son jin hujja.

Likita, Shika:
Allah ya gafarta Malam, an yi bincike a kan wannan sau da yawa, kuma tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi. Wanda yake ɗauke da shi kuwa, sau da yawa sauƙi yake ji da ya samu wanda ya tambaya ba tare da tsawa ba. Abin da ke hana mutane faɗa shi ne tsoron a ce sun yi saɓo, da kuma cewa an daɗe ana lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuka a dokokin ƙasar nan. Saboda haka mai tambaya ba ya wa'azi a wannan gaɓar, ba ya zare ido.

Ƙa'idar ita ce: duk amsar da ta wuce 0 a tambaya ta tara, ko da jimlar makin 3 ce kacal, ba a jira taron wata. Mai tambaya ya ce, "na gode da ka faɗa min, zan haɗa ka da ma'aikacin lafiya yau." Ma'aikacin ne zai bincika ko akwai shiri, ko an taɓa gwadawa, ko akwai abin cutarwa a kusa. In akwai shiri, ba a barin mutum shi kaɗai, a samu wanda shi ya amince da shi a cikin dangi ya zauna da shi, a kwashe maganin ƙwari da na feshin gona da tarin ƙwayoyin asibiti daga gidan, a kai shi asibiti a ranar. Wannan ne kaɗai wurin da sirri yake da iyaka, kuma tun kafin tambaya ta farko ake gaya wa mutum haka.

Ungozoma, Gyallesu:
Ku bar ni in yi magana a kan mata, don rabin aikin a cikin gida yake. Namiji ba zai shiga ba, wannan kowa ya sani. Amma ko mace ce, in 'yar layin ce, ba za a gaya mata gaskiya ba. A yi musaya: 'yan Gyallesu su je Tudun Jukun, 'yan Tudun Jukun su zo Gyallesu. Ana neman izinin maigida kafin a shiga, wannan ladabi ne, amma amincewar amsa tambaya ta matar ce ita kanta, in ta ce ba ta so shi ke nan. Kuma ba a yi a tsakar gida. Kishiya tana wanke-wanke a bakin rijiya, uwar miji tana kan tabarma, yara suna leƙe, me za ta ce in ba "lafiya lau" ba? A shiga ɗakinta a saki labule. Lokacin da ya fi shi ne hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora sanwar rana. Gidan da ke da mata biyu ko uku, in an zaɓi ɗaya, a bayyana a gaban kowa cewa ƙuri'a ce, don kada a ce an zo ne saboda wance tana da taɓi.

Masu jego kuma takardarsu daban ce, EPDS, tambaya goma a kan kwana bakwai, jimla 30, an fi ɗaukar 13 a matsayin inda za a tura. Dalilin bambancin shi ne gajiya da rashin barci kowace mai jego tana da su, in aka yi mata PHQ-9 makin zai hau ba gaira ba dalili. Kukan da ke zuwa kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka shi ne abin dubawa. Amma wadda a makon suna ta daina barci gaba ɗaya, tana surutai, tana cewa jaririn ba nata ba ne ko ana son a sace shi, wannan ba ta jiran takarda ko arba'in. Asibiti a ranar, kuma kada a bar ta da jaririn ita kaɗai. Yana samun mace ɗaya ko biyu a cikin haihuwa dubu, kuma yana warkewa da magani.

Likita, Shika:
Hajiya, bari in ɗora abu ɗaya da ya shafi Zariya musamman. Tun shekarun 1970 likitocin jami'ar nan suka rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Don haka mai jegon da ta ce gabanta yana faɗuwa, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, ƙafa ta kumbura, kada a rubuta "fargaba" a wuce. A auna jininta a kai ta a duba zuciya.

Haka ma sauran mutane. Ƙarancin jini, ciwon suga, maƙoƙo da sauran cututtukan da ke taɓa wannan ƙulli na wuya, tarin fuka, duk suna kawo kasala da rama da rashin barci. Wanda hankalinsa ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi, bai san inda yake ba, wannan ciwon jiki ne ya hau kai har sai an tabbatar ba shi ba ne. Maki ba ya gano cuta. Yana nuna wanda ya kamata a zauna da shi ne kawai.

Malamin ƙididdiga, Samaru:
Wannan jimlar ta ƙarshe ita nake so kwamiti ya riƙe, ga lissafinta. A binciken farko na PHQ-9 a 2001, maki 10 ya kama kashi 88 cikin ɗari na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 88 cikin ɗari na marasa shi. Mu ƙaddara, misali kawai, an tambayi mutum 1,000 kuma 50 ne masu ciwon na gaske. Takardar za ta kama 44 daga cikinsu, 6 su kuɓuce. A cikin 950 masu lafiya kuma za ta ɗaga 114 bisa kuskure. Jimla 158 sun haura maki 10, amma 44 ne kawai marasa lafiya. Wanda ya tashi a taro ya ce "mutum 158 suna da ciwon damuwa a unguwarmu" ya ninka gaskiya fiye da sau uku. Abin da za a ce shi ne "mutum 158 cikin 1,000 suna da alamun da ke bukatar dubawa."

Sai zaɓen gidaje. In aka tsaya a bakin asibiti, marasa lafiya za a samu. In aka tsaya a majalisa, masu ƙarfin fitowa za a samu, mai ciwon yana ɗaki. A samo jerin gidaje daga masu aikin rigakafi, a jefa ƙuri'a a kan gidan farko, daga nan a riƙa tsallake huɗu ana shiga na biyar. A kowane gida a lissafa manya daga shekara 18, a zaɓi ɗaya da ƙuri'a. In ba ya nan a dawo har sau uku a lokuta daban, kada a maye gurbinsa da wanda aka tarar. In aka yi haka ɗan acaba da ɗan kasuwa ba za su ɓace daga lissafi ba. Waɗanda suka ƙi amsawa ma a rubuta yawansu.

Sakataren kwamiti, Tudun Wada:
Sau nawa za a riƙa komawa? Mun ce duk wata.

Malamin ƙididdiga, Samaru:
Duk wata ya yi yawa, mutane za su gaji su fara amsawa don a rabu da su. Duk wata uku ya isa, kuma ga mutanen nan dai na farko, ba sababbi ba. A rubuta yanayin da aka yi zagayen, don shi zai fassara adadin. A bazara zafi da rashin wuta suna hana kowa barci. A tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki. Satumba da Janairu kuɗin makaranta ne. A Samaru da Kongo, inda ɗaliban jami'a suke, lokacin jarrabawa daban yake da hutu. Watan azumi kuwa a tsallake shi gaba ɗaya, don tambayar barci da ta abinci ba su da ma'ana ga mai tashi sahur da tahajjud. Kuma a kwatanta bazarar bana da bazarar bara, ba da kakar da ta wuce ba.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Gayan:
Wata ukun na unguwa ne. Wanda aka riga aka tura asibiti shi ana ganinsa duk mako biyu zuwa huɗu da farko. Sauƙin da ake ƙirgawa shi ne maki ya sauka da 5 ko fiye. In ya ragu da rabi magani yana aiki, in ya koma ƙasa da 5 alamun sun lafa.

Littafin kuma biyu ne, kada a haɗa. Na farko yana da lamba, jinsi, rukunin shekaru, mazaɓa, ranar tambaya, maki, an tura ko ba a tura ba, ya je ko bai je ba. Babu suna, babu lambar waya, babu "gidan mai nama kusa da masallaci." Na biyu shi ne mai haɗa lamba da suna, yana cikin akwati mai kwaɗo a asibiti, mutum biyu kawai suke da makulli. In da waya za a yi, manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana aiki ba intanet, amma a sa wa wayar kalmar sirri, kuma kada a taɓa ɗaukar hoton takarda a tura a WhatsApp. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ita ma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta fara aiki a madadin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a rufa masa asiri. A rahoton da za a kai wa mai unguwa, duk rukunin da bai kai mutum biyar ba a haɗe shi da na kusa. In aka rubuta "zawarawa biyu a layin kaza," an faɗi suna ke nan.

Layin nan na "ya je ko bai je ba" shi ne zuciyar littafin. In an tura ashirin uku suka je, ba ƙarin tambaya ake bukata ba, kuɗin mota da ɗan rakiya ake bukata.

Mai kemis, Sabon Gari:
Akwai inda ake ganin damuwar unguwa tun kafin ta isa asibiti, wato kantin magani. Masu zuwa neman maganin barci, masu sayen maganin ciwon kai kullum, matasa masu neman tramol. Masu kemis za su iya ja layi a takarda duk mako, ba suna, adadin masu tambaya kawai. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya kiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Hanin bai kawar da abin da ke kai yaro ga kwalbar ba. Don haka a ƙara tambayar shaye-shaye, amma a ƙarshe, bayan an saba, kuma a tabbatar wa yaro ba hukuma za a kai ba.

Kuskuren da ya fi yawa a magani kuwa biyu ne. Ana ba mai damuwa diazepam don ya yi barci, bayan 'yan makonni jiki ya saba, damuwar tana nan. Sannan wanda likita ya rubuta wa maganin damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine yakan sha kwana biyar ya ce bai ga komai ba sai bushewar baki ko tashin zuciya, ya ajiye. Maganin yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga amfaninsa, kuma bayan an warke ana ci gaba wata tara zuwa goma sha biyu. Ba a yanke shi rana ɗaya.

Likita, Shika:
Haka ne, kuma kada a sayar da su ba takardar likita. Dole a fara tambaya ko mutum ya taɓa yin kwanaki ba ya bukatar barci, yana yawan magana, yana ɓarnar kuɗi, yana jin ya fi kowa. Mai irin wannan tarihin in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, zai iya birkicewa. Sannan ba kowa ke bukatar ƙwaya ba. Mai alamu marasa tsanani, zama da shi, warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, da mayar da shi ga sana'a da jama'a su ne maganin farko.

Malamin Islamiyya, Limancin Kona:
Likita, kada a manta mafi yawan mutane wurinmu suke fara zuwa. Za a ce iska ce, ko sammu, a nemi ruƙiyya. In kwamiti ya zo da fuskar cewa malamai jahilai ne, ƙofofi za su rufe. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, neman magani umarni ne. Abin da ya dace a zauna da limamai da masu ruƙiyya a yi yarjejeniya a kan alamun da ba a riƙewa: mai maganar kashe kansa ko wani, mai jegon da ta rikice, mai farfaɗiya, mai zazzaɓi da ruɗewa, wanda ya daina ci da sha, da duk wanda aka yi wa mako biyu ba sauƙi. A ba su takardar turawa su ma, a ƙirga nawa suka turo. Duka da ɗaure mutum da mari kuma babu su a cikin magani. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda 'yan sanda suka kuɓutar da mutane daga wani gidan mari, ya isa.

Sai masu takaba. Matar da mijinta ya rasu tana cikin wata huɗu da kwana goma, makinta zai hau, kuma baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne.

Likita, Shika:
Allah ya gafarta Malam, jagorar mhGAP ma ta yi la'akari da haka. In an yi babban rashi cikin wata shida, ba a gaggawar kiran abin ciwon damuwa, sai in akwai tunanin kashe kai, ko jin ba ta da wani amfani, ko jin muryoyi da ganin abin da babu, ko magana da motsi sun yi nauyi ƙwarai, ko kuma ta taɓa yin ciwon a baya. A ƙara layi ɗaya a littafin: "an yi rashi cikin wata shida?" A sake ganinta bayan ta fita takaba.

Ungozoma, Gyallesu:
Su masu tambayar fa, wa zai duba su? Yarinya ta wuni tana jin labarin duka da saki da yunwa, ta koma gida da shi a ƙirji. Kada a wuce mutum shida zuwa takwas a rana, kowanne minti ashirin. Su riƙa fita biyu-biyu, ɗaya a ciki ɗaya a zaure. Duk mako su zauna da Sista su sauke abin da suka ɗauko, ba tare da kiran suna ba. Wadda aka ji ta fitar da zancen wani gida, ko ga mahaifiyarta ne, a cire ta a ranar. Kuma kada su yi alkawarin abin da ba su da shi. Da an ga takarda da biro za a ɗauka tallafi ne, wasu su ƙara wa amsa gishiri don su shiga. Tun a bakin ƙofa a ce babu kuɗi, babu shinkafa.

Malamin ƙididdiga, Samaru:
Ƙari ɗaya, Malam Sakatare. In akwai niyyar buga sakamakon ko ba wani ɗalibi ya yi aikin digiri da shi, sai an samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara, ba bayan an gama ba. 'Yan ƙasa da shekara 18 kuma a bar su a wannan zagayen, nasu yana bukatar yardar iyaye da takarda ta daban.

Sakataren kwamiti, Tudun Wada:
To, mun janye batun kai suna wurin mai unguwa. Ranar Litinin mutum biyu za su je asibitin mazaɓa su tambayo ko akwai mai horon mhGAP, daga nan su wuce Shika. Sista, horon masu tambayar kwana nawa zai ci?

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Gayan:
Kwana uku. Ranar farko sirri da neman amincewa, ta biyu su yi wa juna tambayoyin da wake har bakinsu ya saba, ta uku tambaya ta tara kaɗai, kowa ya gwada kiran wayar da cike takardar turawa. Kafin a sallame su, mutum biyu su saurari amsoshin mutum ɗaya kowa ya ba da jimlar makinsa a ɓoye. In sun bambanta da fiye da 2, a sake. Ku taho da faifai goma da mudun wake ɗaya.